Jarkar da Na Rataye da Igiyarka

Zuru, Litinin bayan la'asar.

Zuwa ga Malam, sanyin idona, inuwar da na samu bayan rana ta daɗe a kaina. Zuwa ga ruwan farko da ya sauka a fadamar zuciyata, har ƙasar da kowa ya ɗauka ta mutu ta tashi da ƙamshi. Amincin Allah ya tabbata a gare ka, da gaisuwa mai yawan ganyen dawar da ta rufe duwatsun garin nan. Ina fata kana lafiya, kai da ɗanka Usama da ƙannensa, da injinan ban-ruwan da ba sa barin ka ka zauna.

Saƙonka na murya ya iso. Ina zaune a kan turmi a tsakar gidan da na sauka na saurare shi, na sake, na kuma sake, har matar gidan ta zo ta dafa ni tana tambaya ko rasuwa aka yi. Ka ce Yaya Fadima ta nuna maka hoto: ni ce da hijabina a barandar coci, gicciye a bangon bayana, yara kewaye da ni. Ka ce manya sun yi magana. Ka ce in tattara kayana in iso Argungu kafin Juma'a, in ba haka ba za a ɗaga ranar da aka sa mana ta bayan yankan shinkafa, kuma ba ka san zuwa yaushe ba. Daga bakinka kalmomin suka fito, Malam, amma ba naka ba ne. Na san muryarka in tana tafiya da ƙafarta, na kuma san ta in ana jan ta. A bayanka na ji ɗan tarin nan na yayarka, irin na mai jira a gama faɗin abin da ta tsara. Shi ya sa ban amsa ta waya ba, don waya a gidanku kamar ƙwaryar fura take, daga wannan hannu zuwa wancan. Takardar nan na damƙa ta ga direba ɗan unguwarmu, na ce kada ya ba kowa sai mai baƙin man inji a yatsu.

Ga amsata, ya hasken gidana na gobe, kuma a hankali nake faɗa kamar yadda na saba faɗin komai: ba zan zo kafin Juma'a ba. Ran Asabar za a rufe aikin koyon da makarantar kiwon lafiya ta turo mu yi na dogon hutun nan. Ran nan iyaye za su taru su ga abin da 'ya'yansu suka koya, kuma na yi wa yaran alkawari ina nan tsaye a gefensu. In na gudu ana jibi a gama, me na gaya wa yaran? Me kuma na gaya wa Argungu, in ba cewa abin da ake faɗa a kaina gaskiya ne ba? Ni da ko gyalen maƙwabciya na ara sai na wanke na goge kafin in mayar, a ce yau in bar 'ya'yan mutane a tsakiyar hanya don wani ya ga hoto?

Ka tuna ranar da muka fara magana? Na san ka tuna, amma bari in tuna maka, don ina jin daɗin faɗa. Famfon Islamiyyarmu ya mutu, aka kira ka. Ka yini a kansa cikin rana, ka kwance shi gunduwa-gunduwa a kan buhu, yara suna leƙe ta taga maimakon su bi karatu. Da ruwa ya zo, sai ka tsaya kana kallon hannayenka baƙi ƙirin har gwiwa, ga lokacin la'asar ya yi, ga ka kasa taɓa kan famfon don kada ka ɓata wa yara. Wannan tsayuwar ce ta kama ni, Malam, ba wani abu ba: namijin da ke tunanin hannun da zai taɓa wuri bayan nasa. Na ɗauko buta da guntun sabulu na tsaya daga nesa kamar yadda ya dace, na miƙa hannu ina zuba maka. Ruwan yana sauka baƙi, sannan toka-toka, sannan fari. Ba ka ɗago ka dube ni ba, ni ma ban dube ka ba, amma butar ta ƙare tun da daɗewa ni kuwa ina riƙe da ita a karkace. Wayyo, wannan rana! Shekara nawa ina zawarci ban ji komai ya motsa a ƙirjina ba, sai a kan hannun mai gyaran inji zuciyata ta buɗe kamar furen bado da hantsi a kan tafki.

Kai ne kuma ka ce in koma makaranta. Kai na fara gaya wa labarin Jamilata, yadda amai da gudawa suka ɗauke min ita tsakanin safiya da magariba tana 'yar yaye, yadda na yi shekaru ina tambayar abin da ya shiga cikinta. Ba ka ce min in yi haƙuri ba kamar kowa. Ka ce wanda ya san zafin nan shi ya kamata ya koyar da tsare shi. Da na zauna a aji da 'yan matan da na haife su, suna kira na Gwaggo, suna dariyar yadda nake riƙe biro kamar alƙalamin kara, wa ya riƙa tambayata darasin yau? Da aka ce Zuru aka tura ni, wa ya kai ni tasha? Wa ya ga zik ɗin jakata ya ɓalle, ya ciro shuɗiyar igiya daga aljihun babur ɗinsa, ya ɗaure ta da ƙullin masuntan garinmu wanda ruwa ba ya kwancewa? Riƙe maganar igiyar nan, zan dawo kanta.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke cikin hoton, tunda wadda ta nuna maka ba ta tambaye ni ba.

An sauke ni a wani ƙauye kusa da Dabai. A firamare aka ce in riƙa tara yara, amma iskar farkon damina ta riga ta yaye rufin ajin. Ruwa kuwa a nan ba irin namu ba ne, daga kan duwatsu yake gangarowa ja kamar an dama kunun kanwa. Rufi ɗaya ne a ƙauyen da zai ɗauki yaran duka, shi ne barandar coci. Ka san halina, ban taka ba sai da na je gun limamin masallacin ƙauyen na tsuguna na tambaya. Ya ce in je, ai nasa jikokin ma can za su zo. A garin nan, Malam, gida ɗaya za ka tarar da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci suna cin tuwo a akushi guda, kuma ciwon ciki ba ya tambayar wanne ne a cikinsu. Ga kuma yaran da iyayensu suka baro ƙauyukan wajen Kanya saboda rashin kwanciyar hankali, suna cunkushe a ɗakunan 'yan'uwa, ruwa ɗaya, kwano ɗaya.

A bakin barandar na kafa abin wanke hannu kamar yadda aka koya mana. Itace biyu masu gwafa, sanda a gicciye a kansu, jarka mai ɗan rami rataye a tsakiya, igiya daga wuyan jarkar zuwa wata sanda a ƙasa. Yaro ya taka sandar, jarka ta sunkuya, ruwa ya zubo siriri, ba hannun da ya taɓa komai. Sabulu a gefe, in ya ƙare a sa toka. Na koya musu kafin cin abinci da bayan an fito bayan gida, na koya musu rufe abinci, da yanke farce, da goge haƙori da asawaki.

To, ni 'yar makarantar allo ce. Wanki ɗaya hannuna ya sani tun ina ƙarama, kuma in azahar ta yi a jarkar nan nake alwala, don ita ce ruwa mafi kusa. Ban lura ba ashe idanu suna kaina. Yaro ba ya raba abin da ka ce masa darasi ne da abin da ya ga kana yi. Akwai wata 'yar mitsitsiya mai wushirya, Margaret, 'yar matar gidan da na sauka. Ran nan aka ajiye tuwo a gidan kakarta, dangi sun taru bayan an taso coci, sai yarinya ta ce ba mai sa hannu sai an yi wankin Malama. Ta ɗauko ruwa a gabansu. Ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta shaƙa a hanci, ta wanke fuska, ta kai har gwiwar hannu, ta shafi kai da kunnuwa, tana motsa leɓe kamar yadda ta ga ina yi, sannan ta cire takalmi ta kama ƙafa. Aka ce kakar ta saki ludayi. Kafin yamma aka gano ba ita kaɗai ba ce, rabin ƙauyen yara alwala suke yi kafin su ci abinci.

Washegari uwarta, Magdalene, wadda ke shugabantar zumuntar matan cocin, ta zo min da mata a bayanta, kowa da zani ɗaure a ƙugu. Matar da ke dama min kunu da safe, ran nan ko gaisuwa ba ta yi ba. Ta tsaya a gaban jarka ta ce:

"Malama, wanke hannu muka ba ki 'ya'yanmu ki koya musu, ko sallah?"

Ban gudu ba, Malam, ka lura da wannan. Na ce mata wallahi ban zo karɓar ɗan kowa daga hannun uwarsa ba, ni ma uwa ce, na kuma san yadda hannu yake in ɗa ya fita daga cikinsa. Na gaya mata sunan Jamila a gaban matan nan. Na ce ta zauna ta ga darasin da idonta, abin da bai yi mata ba ta cire. Ta zauna. Ta ga na koyar, ta kuma ga yadda ƙananan suke ɗan jiƙa yatsu su ruga. Sai ta ce matsalata ba ni da waƙa, yaran nan ba sa daɗewa a kan abin da ba a rera shi. Nan take ta haɗa wata gajeriyar waƙa da yarensu, wanda mu muke kira Dakarci su suke kira C'lela, aka ce yaro ba zai ɗauke hannu daga sabulu ba sai waƙar ta ƙare. Da ranar kasuwa ta zagayo ta sayo min sabuwar buta da tabarma, ta share min lungu a ɗakinta, ta ce alwalata ta koma can inda idon 'yan kwaikwayo ba ya kaiwa. Yanzu in ina sallah ita ce ke korar awaki daga ƙofar.

Ka gani, ya abin begena? A Zuru an ce na zo musuluntar da 'ya'yan mutane, a Argungu an ce coci ta haɗiye ni, duka a kan jarka guda! Amma mutanen Zuru da suka yi zargi tasowa suka yi, suka zo suka tsaya a gabana suka tambaya, suka zauna suka gani. Su da ba su san uwata ba, ba su san ubana ba. Kai fa, da ka san inda na yi sauka, ka san malamin da ya ɗora min alƙalami, ka ga goshina? Hoto ya ishe ka?

Ɗauko hoton ka sake dubawa. Wata abokiyar karatuna ce ta ɗauka don ta tura wa malamanmu, ban san ta wace hanya ya bi har ya faɗa wayar Yaya ba. Kada ka dubi bangon, kowa bangon ya duba. Dubi abin da jarkar take rataye da shi. Shuɗiya ce, ko ba ita ba? Igiyarka ce, Malam. Da na iso na kasa kwance madaukin da ka ƙulla, na sa haƙori na sa ƙusa ya ƙi, sai na zare jakar daga ciki na rataye jarkar a jikinsa yadda yake. Tun daga ran nan duk ruwan da ya sauka a hannun yaro a ƙauyen nan, ta ƙullinka ya bi. In laifi ne abin da ke cikin hoton, to da ni da kai muke ciki, sai a kira mu tare.

Akwai wata al'ada a ƙasar nan da suke kira golmo. Saurayi in yana son yarinya, gonar ubanta yake shiga da abokansa, damina bayan damina yana noma, kafin a ba shi ita. Mijin Magdalene, Ebenezer, ya ce shi ya yi. Mutum ne mai barkwanci, ya nuna min tafin hannunsa mai kanta kamar bayan kunkuru, ya ce duk wannan na Magdalene ne, har yau kuma ba ta ce masa sannu ba. Ita kuwa tana tankaɗe ta ce ai kunyoyinsa a karkace suke, babanta haƙuri kawai ya yi. Da suka ji an sa min rana, Ebenezer ya tambaye ni damina nawa angon ya yi a gonarmu. Na ce mu ba ma yin haka. Ya girgiza kai ya ce to da me ake gane wanda zai tsaya? Na yi dariya a lokacin. Da saƙonka ya zo, tambayar ta dawo ta zauna min a ƙirji, har yau ba ta tashi ba.

Ni ba ni da uban da za ka yi wa noma, Allah ya jiƙansa. Gonata ita ce wannan barandar da waɗannan ƙananan hannaye. Ban ce ka ɗauki garma ba, ban ce ka yi shekaru ba. Damina ɗaya na roƙa, ita ma ga ta ta zo ƙarshe, dawa ta fara fitar da kai. A kunyar ƙarshe za ka ajiye fartanya, ya Malam? Kai da na ga ka yini a kan mataccen famfo ka ƙi tashi sai da ya kawo ruwa?

Kada ka ɗauka taurin kan nan rashin so ne. Ina kewarka kamar yadda kifin da ambaliya ta bari a kududdufi yake kewar gulbi. In hadari ya haɗo ta bayan duwatsu, sai in ce ko ya biyo ta kanku. In babur ya tsaya a ƙofar gida, sai allurar da ke hannuna ta tsaya, alhali na san ba kai ba ne. Da hantsi in gauraka suka wuce bibbiyu, kawar da kai nake yi don kada Magdalene ta ga idona. Mace mai furfura a gefen kai tana irin wannan! Ina jin kunya, amma ba zan ɓoye ba, don ban saba rubuta abin da ba haka yake ba. Sai dai matar da za ta shigo gidanka ita ce wannan, mai cika abin da ta ɗauka. In na saki yaran nan don a bar min kai, wata mace ce dabam za ta sauka a tashar Argungu, kuma ba ita ka ce kana so ba. Ranar da Usama ko ƙannensa za su buƙaci wadda ba ta gudu in magana ta yi zafi, wacce kake so ka tarar a ɗaki?

Yaya Fadima ina girmama ta. Ita ta riƙe maka yara da mahaifiyarsu ta rasu, kuma tsoro ne ya sa ta magana, na sani. Ranar da na dawo zan je har ɗakinta in durƙusa in gaishe ta, in kai mata gyaɗa da zumar ƙasar nan. Abin da ba zan yi ba shi ne in ba ta haƙuri a kan abin da ba laifi ba ne, don in na yi, ƙarya na yi, kuma ba na son in shiga gidanku da ƙarya a baki.

Ga roƙona, shi kaɗai ne. Ran Juma'a in manya sun zauna, ka ce su dakata har ka gani da idonka. Ran Asabar ka yi sammako ka shigo mota. Ka sauka Zuru ka tambayi hanyar Dabai, daga nan duk yaron da ka ce wa Malama mai jarka zai kawo ka. Ka zo ka ji waƙar Magdalene a bakin jikokin liman. Ka zo ka ga lungun da nake sallah. Ka tsaya a barandar nan inda na tsaya, gicciyen a bayanka, ka ji ko wani abu ya ragu daga imaninka. Sannan ka koma ka gaya musu da muryarka, wadda ke tafiya da ƙafarta.

In ba ka zo ba, Lahadi zan hau mota ni kaɗai, in riƙe jakata a cinya tunda igiyar ta zama ta yara, ba zan kwance musu ita ba. Zan koma ɗakina da Islamiyyata, in kafa wata jarkar a bakin famfon da ka gyara. Ba zan aiko kowa ya roƙe ka ba, ba kuma zan saurari wani ba. Su ɗaga ranar zuwa inda suka ga dama, a inda ka bar ni za ka same ni, da zuciyar nan, da kan nan nawa mai tauri.

Amma ina jin za ka zo. Tun da muka haɗu kunya ba ta bar ni na kira sunanka ba, ko a bayan idonka. Yau zan rubuta shi, in ya so ka yi min dariya: Zainulabidin, ka zo. Ka zo da hannayenka yadda suke, kada ka tsaya gogewa. Jarkar nan an yi ta ne don kowa ya wanke hannunsa ba sai an zuba masa ba, liman ya taka sandar, Ebenezer ya taka, kakar Margaret ma ta taka. Kai kaɗai ne ba zan bari ka taka ba. Na cika sabuwar butata na ajiye a bayan ƙofa, da guntun sabulu a kanta.

Taka, yau da ran Asabar da duk ranar da ta biyo baya, har a zuba min nawa ruwan na ƙarshe,

Rahmatu